Babi na Biyar: Kantin da Ya Fara a Kan Ruwa

In ka tsaya a kan gadar Jimeta cikin watan Afrilu ka leƙa ƙasa, da wuya ka yarda cewa manyan jiragen ruwa sun taɓa ratsa wannan kogi. Yashi ne fari fat iyakar ganinka, ruwan ya tsuke ya koma 'yan siraran hanyoyi. Can ga tifofi suna lodi, nan ga shanu sun gangaro sha, masu wanki sun baza tufafi a kan rairayi. To, ka dawo wurin nan a ƙarshen Agusta. Sai ka rantse an sauya maka kogi. Binuwai ya cika ya batse, jajir da laka, yana janyo kututture da ciyayi tun daga ƙasar Kamaru.

Wata uku a cike, sauran watanni a rame. Wannan hali na kogin shi ya tsara gine-ginen da kamfanonin Turawa suka kafa a bakinsa, tun kafin wani injiniya ya ɗauki fensir. A gindin waɗannan gine-gine kuwa, wato sito da kanti da rumfar awo, garin Jimeta ya tashi.

In ana zancen kayan tarihi a Adamawa, hankali kan tafi fadar Lamiɗo a cikin garin Yola, ko tsohon masallacin Gurin, ko duwatsun Sukur da hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin kayan tarihin duniya a 1999. Duk sun cancanta. Amma wa ke tuna doguwar rumfar kwano mai tsatsa, wadda ba ta da zanko ba ta da zayyana, wadda in ka gifta ta warin tsohon buhu ne zai tare ka? Ita ce abin zancenmu a nan.

Baƙin da suka zo ta ruwa

Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, a kan tudu, nesa kaɗan da kogi. Sunan garin ma daga kalmar Fulatanci yake, yoolde, mai nufin tudu. Gari ne na sarauta da malanta da dawakai, kuma hanyoyinsa na ƙasa ne. Ta nan fataken Hausawa ke shigowa da jakunansu ɗauke da riguna da baƙin yadi na Kano, su zarce Ngaundare da Tibati da Banyo neman hauren giwa, da bayi a wancan zamani. Ko Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarim, ta ƙasa ya biyo daga Barno a watan Yuni na 1851, zamanin Lamiɗo Lawal, kuma bai cika mako ba aka sallame shi.

Bayan shekara talatin da 'yan kai, sai baƙi suka fara ɓullowa ta ruwa. Wani ɗan Birtaniya mai suna George Goldie ya haɗe kamfanonin ƙasarsu masu ciniki a kogin Kwara wuri guda a 1879, sannan a 1886 gwamnatinsu ta ba kamfanin takardar izinin mulki, ya zama Royal Niger Company. Sunan mutumin nan bai ɓace a bakinmu ba, domin har yau akwai Gidan Goldie a Kano. A kan Binuwai, Ibi ce babbar tashar kamfanin, daga can yake turo jirage sama.

Sarakunan Fombina, wato ƙasar Adamawa, ba su saki jiki da baƙin nan ba. Ciniki dai to, gishiri da yadi kowa na so. Amma a ba su fili su gina? Sun san wanda ya kafa harsashi a ƙasarka yau, gobe tuta zai kafa. Shi ya sa wurin cinikin kamfani a Yola ya daɗe a kan ruwa: tsohon jirgi ne da ya gama aiki, aka jawo shi aka ɗaure. Irin waɗannan jirage akan yi musu rumfa a sama, cikinsu ya zama sito, samansu ya zama kanti da makwancin wakilin kamfani. Mai haure ko ƙaro sai ya kai hajarsa bakin ruwa, a auna, a biya shi da kaya.

Ga wani abin lura. Turawan wancan zamani faktori suke kiran irin wannan wurin ciniki, a ruwa yake ko a tudu, domin nan wakilinsu ke zaune, kuma daga sunan muƙaminsa kalmar ta fito. Ita ce kalmar da yau muke fassarawa da masana'anta. Ke nan masana'antar farko a Yola ko allura ba ta taɓa ƙerawa ba. Aikinta ta auna, ta tara, ta loda. Wanda ya fahimci wannan ya kama bakin zaren tattalin arzikin mulkin mallaka: noman a nan, injin a ƙetare.

Zaman bai yi daɗi ba. A 1891 wani hafsan sojan ruwa na Faransa, Louis Mizon, ya iso Yola yana zawarcin Lamiɗo Zubairu, ya tafi ya kuma dawowa, har ya bar masa igwa biyu. A 1893 Ingila da Jamus suka raba Fombina a kan takarda. Yola ta faɗa rabon Ingila, Garwa da Ngaundare da mafi yawan ƙasar suka faɗa na Jamus. A 1901 Zubairu ya tilasta wa kamfanin ya tashi. Amsa ta zo tare da cikar kogi: sojoji ƙarƙashin Kanar Morland suka hawo jirage daga Lakwaja, ranar 2 ga Satumba, 1901 suka ci Yola. Zubairu ya fita bai miƙa wuya ba, aka naɗa ɗan'uwansa Bobbo Ahmadu. Daga ranar babu sauran mai hana Bature fili, sai kanti ya sauka daga ruwa ya hau tudu.

Tudun da ya hau shi ne Jimeta, kimanin kilomita 9 arewa da Yola, a gaɓar kudu ta kogin, inda jirgi ke iya matsowa. Kamfanin ya yi ta sauya riga. Masu sabulun nan, Lever Brothers, suka saye shi a 1920, a 1929 ya haɗe da wani ya zama UAC. Babban abokin gogayyarsa shi ne John Holt na Liverpool. Kowanne da nasa jiragen: na UAC daga Burutu suke tasowa, na John Holt daga Warri, su biyo Lakwaja da Makurɗi da Ibi da Lau da Numan, su tsaya Jimeta, su ƙarasa Garwa.

Lissafin wata uku

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya isa Maiduguri a 1964. Yola kuwa har gobe ba ta ga layin dogo ba. Kafin a shimfiɗa kwalta, duk wani kaya mai nauyi ta kogi yake shiga da fita, kogin kuwa daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Oktoba kawai yake ɗaukar babban jirgi.

Yanzu ɗora wannan a kan kalandar manomi. Yaushe ake cirar gyaɗa? Da kaka, wajen Oktoba. Auduga fa? Sai hunturu ya kama ake tsinta. Wato daidai lokacin da amfanin gona ya fara shigowa kasuwa, jirgi na ƙarshe ya riga ya juya, yana tseren kada yashi ya kama shi. Gyaɗar da aka saya a Disamba dole ta zauna ta ga hunturu, ta ga bazara, ta ga farkon damina, kafin ta ga jirgi. Haka kuma ta ɗaya ɓangaren: gishiri da sukari da atamfa da akoko da kananzir da siminti da za a sayar shekara guda cur, duk cikin wata ukun nan suke sauka, sai a yi ta tsakura har wata cikar.

A Kano a wancan zamani jirgin ƙasa na jan kaya rani da damina, ko da yake a hankali, rarar gyaɗa ce ake tara dala a fili a lulluɓe da tamfol. Gyaɗa ta iya jure haka. Amma gishiri in ya ji danshi narkewa yake, siminti ya daskare, yadi ya yi fumfuna. Saboda haka a bakin Binuwai sito shi ne zuciyar kamfani. Kuma abokan gabansa sanannu ne: ruwan sama da na ƙasa, zafi, gara da ɓera, sai wuta da ɓarawo. Kowane sashe na ginin amsa ce ga ɗaya daga cikinsu. Tun ran gini tun ran zane.

Yadda ake karanta sito

In ka ci karo da ɗaya daga irin waɗannan gine-gine, a Jimeta ne ko Numan ko Ibi ko Lakwaja, kada ka fara da rufi. Fara da ƙasa. Za ka ga daɓen a ɗage yake a kan dandamalin dutse da siminti, sai ka taka matakala kafin ka shiga. Wannan ba sabon ilmi ba ne a wurinmu. Duk manomin da ya taɓa gina rumbu, Bahaushe ne ko Bata ko Chamba, ya san sai an ɗora shi a kan duwatsu, don kada danshi ya hau, don kuma a ga hanyar gara tun kafin ta kai ga hatsi. Ko a ciki ma ba a ajiye buhu a kan daɓe kai tsaye. Akan jera itace a ƙasa, a bar rata tsakanin buhuna da bango, iska ta samu hanya, mai ƙirga ma ya samu.

Sannan ɗaga kai ka dubi ƙashin ginin. Magina na gargajiya sun san iyakar azara. Itacen giginya gara ba ta cin sa, amma ba ya ɗaukar tazara mai nisa, shi ya sa gwanayen Kano da Zariya suka ƙware a bakan gizo don su faɗaɗa soro. Mai sito kuwa fili yake so fetal, inda leburori za su juya da buhu ba tare da sun yi karo da ginshiƙi ba. Ƙarfe ne ya ba shi wannan. Akan ƙera ginshiƙai da sandunan rufi a Birtaniya, a huda su, a sa musu lamba, a lodo su a jirgi, a zo nan a ɗaure da noti. Gini ne da ya iso a kwance aka tayar da shi tsaye. Wannan dabara ta ƙero gini a can a harhaɗa a nan tana da shaidu a Nijeriya: tsohon gidan Razdan na Kalaba, na 1884, da gidan katakon da Royal Niger Company ta kafa a Asaba a 1886, wanda ake kira Mungo Park House. Dukansu yau gidajen tarihi ne. Wani lokaci in ka goge tsatsa a jikin tsohon ginshiƙi, sai sunan maƙerar da ta zuba shi ya fito.

Sai kwano. Mun saba da shi har mun daina ganinsa, alhali yana da nasa tarihi. Wani injiniya mai suna Henry Palmer ne ya yi rajistar fasahar a Landan a 1829, kuma don rufin ɗakunan ajiyar kaya na tashar jiragen ruwa ya ƙirƙiro ta. Ke nan tun asali don sito aka yi kwano. Sirrinsa a lanƙwasar yake. Ɗauki takarda ka riƙe ta a miƙe, za ta faɗi. Ninka ta kamar mafici, sai ta tsaya har ta ɗauki kwabo. Ga rashin nauyi, ga shi falle na shiga cikin falle, rufin gida guda ya tafi a lungun jirgi. Mu kuma da muka gan shi sai muka ba shi sunan abin da muka sani na ƙarfe mai ƙyalli, kwanon ci. Ba a daɗe ba "gidan kwano" ya zama kirarin mai hali, kuma daga kantunan bakin kogi ya bazu cikin unguwanni har ya ture jinka.

Sai dai kwano abokin rana ne, Yola kuwa a watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40. Maginan sito ba su da fanka ba su da na'urar sanyaya ɗaki, sai suka bar iska ta yi aikin. Suka ɗaga rufi sama sosai, ba su sa silin ba. A ƙololuwa sau da yawa akan ɗora wani ɗan ƙaramin rufi a kan babban, da rata a tsakani. Iska mai zafi hawa take yi, sai ta fice ta nan, mai ɗan sanyi ta shigo ta ƙasa. Tagogi 'yan ƙanana ne, can sama kusa da rufi, da sandunan ƙarfe: haske ya shiga, hannu kada ya shiga. Bakin rufin kuma ya zarce bango da nisa, don ruwan damina ya zuba can gefe, bango ya kwana a inuwa. Kananzir, daga baya da fetur, akan ware musu nasu wuri nesa saboda gobara. Fatu da ƙiraga su ma rumfarsu daban, inda ake shanya su a inuwa a sa musu maganin ƙwari, domin warinsu ba ya zama da sukari.

Ƙofofi ma suna magana. Galibi manya ne, na turawa gefe, ɗaya ta fuskanci gari ɗaya ta fuskanci kogi. Ta wannan gyaɗa da auduga da riɗi ke shiga, ta waccan suke fita. Tsaya a tsakiya ka dubi hagu da dama, ka ga hanyar da dukiyar ƙasar nan ta bi shekara da shekaru.

Abu na ƙarshe shi ne baranda. Nan sikeli yake, nan manomi ke sauke jakinsa, nan tagar akawu take da ragar ƙarfe. Kanti kuwa yana maƙwabtaka, yadda kuɗin da aka miƙo ta taga ba sai sun yi doguwar tafiya ba kafin su koma ta ƙofa, a musanya su da gishiri da turmin atamfa. Wannan inuwa ta baranda har sana'a ta haifa. 'Yan baranda, masu shiga tsakanin manomi da kanti, daga wurin zamansu suka samo suna. Kalmar kanti ita ma daga bakin Turawan ciniki muka are ta, haka sito, haka sikeli. Ginin ya shiga harshenmu, ko da mun manta da ginin.

Waɗanda suka ɗauki buhun

Takardun kamfani sun adana sunayen manajoji da na jirage. Ba su adana sunan ɗan dakon da ya hau siririn katako daga gaɓa zuwa jirgi da buhu a ka, ruwa na gudu a ƙarƙashinsa, tun safe har dare don kada kogi ya janye a bar kaya ba. Lokacin jirgi lokacin hada-hada ne. Leburori daga ƙauyuka, masu tuwo da masu fura, matuƙan da suka san inda yashi ya koma bana, akawuna daga kudu har da Saliyo da Gana, dillalai Hausawa da Barebari, masunta da masu fito. Da yawa sun zo cin rani ko cin damina suka zauna.

Haka aka samu gari biyu kusa da juna masu hali daban. Yola ta riƙe sarauta da Fulatanci, Jimeta ta zama garin kowa da kowa, Hausa ta zama harshen kasuwarta. Saurari sunayen unguwanninta: Limawa, Gwadabawa, Alkalawa, Yelwa, ga kuma Rumde da Luggere na Fulatanci a gefensu. A 1935 an haɗe ta da Yola wajen mulki, a 1955 ta sake samun majalisarta. Cinikin bakin kogi ne ya ba ta wannan nauyi.

Kada kuma a ɗauka labarin duk zuma ne. Bature ya ce haraji sai da kuɗinsa, ba da wuri ba, ba da hatsi ba. Mai neman sule dole ya noma abin da kanti ke saye, a farashin da aka yanke a wata ƙasa. Da aka kafa hukumomin sayen gyaɗa da auduga a 1949, kamfanoni suka zama wakilan saye masu lasisi, hukuma kuma ta riƙa riƙe wani kaso na kuɗin manomi. Manomin da bai iya karanta sikeli ba, sai abin da aka faɗa masa. Duk wannan a barandar nan ya faru. Shi ya sa ma ginin ya cancanci a bar shi tsaye. Yaro zai fi gane mulkin mallaka in ya tsaya gaban tagar akawu ya ga tsayinta da ƙanƙantarta, fiye da in an ba shi shafi goma ya haddace.

Da jirgi ya daina zuwa

Ba rana ɗaya aka yi ba. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya toshe ƙasan kogin Kwara, jirage suka tsaya, kuma sufurin bai sake komawa yadda yake ba. Kwalta ta iso, manyan motoci suka karɓe kaya, su kuwa ba ruwansu da rani ko damina. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya noman, kuɗin man fetur ya sa gwamnati ta kau da kai. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Gongola da hedkwata a Yola, sai Jimeta ta juya wa kogi baya, ta fuskanci sakatariya da filin jirgin sama da hanyar Numan. A 1982 Kamaru ta kammala madatsar ruwa ta Lagdo, wadda ta sauya yanayin cikar kogin. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Ginin da aka yi don jiran jirgi ya wayi gari babu abin jira.

A cikin wannan tsakani ne aka fara samun masana'antu na ainihi, masu inji da hayaƙi. Kamfanin sukari na Savannah kusa da Numan, wanda aka kafa a 1971 kuma madatsar Kiri ke shayar da rakensa, shi ne babba. Ya yi fama da ciwo har Dangote ya saye shi a 2003. Aka kuma samu injin gurzar auduga na AFCOTT a Ngurore. Waɗannan su ne amsar da aka daɗe ana jira, wato a sarrafa a inda aka noma. Su ma wata rana za su zama tarihi, kuma wanda ya ga halin da masaƙun Kakuri suka shiga a Kaduna, musamman KTL da aka buɗe a 1957 aka rufe a 2002, ya san yadda katafaren gini ke komawa kango cikin 'yan shekaru in aiki ya tsaya.

Mutuwar irin wannan gini tafarki ɗaya take bi. Iska ta ɗage falle ɗaya, ba mai mayarwa. Ruwa ya samu ƙarfe, tsatsa ta kama. 'Yan gwangwan su lura ba mai gadi, su fara da ƙofa, su bi da ginshiƙi, a sayar a kilo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga ƙarshe mai fili ya ce kango ne, a ture a yi shaguna. Abin mamaki, ambaliyar 2012 da ta 2022 sun nuna cewa sababbin gidaje da yawa da aka yi a kwari ba su kai tsofaffin magina sanin halin Binuwai ba, waɗanda suka zaɓi tudu suka kuma ƙara da dandamali.

Da tsohuwar zuma

Can Liverpool, garin su John Holt, akwai rukunin sito na bakin ruwa da ake kira Albert Dock. An buɗe shi a 1846, aka rufe a 1972, ya zauna cikin laka har aka yi ta shawarar rushe shi. A shekarun 1980 aka gyara shi, yau gidajen tarihi ne da shaguna da wuraren cin abinci, har da gidan tarihin cinikin bayi. A Cape Town ta Afirka ta Kudu, tsohon rumbun hatsi na tashar jiragen ruwa aka sassaƙe cikinsa, aka buɗe shi a 2017 a matsayin gidan zane-zanen Afirka na zamani. Masu ɗaya bakin igiyar cinikin sun adana nasu sito suna karɓar kuɗin baƙi da shi. Mu da ke riƙe da wannan bakin muna sayar da namu a kilo.

Ba a ce Jimeta ta kwaikwayi Liverpool ba, aljihun ba ɗaya ba ne. Abin da ake bukata bai kai haka tsada ba. Na farko a ƙirga. Jami'ar Modibbo Adama tana da sashen koyar da zanen gine-gine. Ɗalibai da tef da waya sun isa su bi bakin kogi daga Jimeta zuwa Numan, su auna abin da ya saura, su zana, su ɗauki hoto, ko da dandamali ne kawai ya rage a cikin ciyawa. Na biyu a saurara. Wanda ya yi dako a kwata yana ɗan shekara ashirin a 1965 yau ya haura tamanin. Shi ya san inda jirgi ke ɗaurewa, da sunan da ake kiran kowane kanti, da nawa ake biya a buhu. Na uku a sa doka ta yi aiki. Tun 1979 Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa take da ikon ayyana gini a matsayin abin tarihi, kuma tana da reshe a Yola. Ko guda ɗaya aka ayyana, an kafa misali.

Na huɗu, wanda ya fi duka, a ba ginin aiki. Gini kamar mutum yake, zaman banza ke tsufar da shi. Ɗaki mai faɗi, mai tsawon rufi, mai sanyi ba da lantarki ba, me ba zai yi ba? Zai yi wurin koyon walda da kafinta, zai yi ɗakin karatu, zai yi kasuwar masu saƙa da dukanci, zai ma iya komawa aikinsa na asali ya ajiye shinkafar manoman Geriyo. Mai ginin kuma a zauna da shi a yi lissafi, domin ba zai riƙe kango don son tarihi ba, amma zai riƙe abin da ke kawo haya. Sharaɗi ɗaya ne: a gyara rufi, a bar ƙashin ginin da barandarsa yadda suke, a kafa ɗan allo a bakin ƙofa mai faɗin abin da wurin yake a da, da Hausa da Fulatanci da Turanci.

Kai kuma mai karatu, in ɗan Jimeta ne ko Numan ko wani garin bakin kogi, akwai abin da ba sai ka jira gwamnati ba. Nemi dattijon unguwarku ka ce, "Baba, ina jirgi ke tsayawa a da?" In ƙafa na ɗaukarsa, ku tafi tare ya nuna maka. Ka kunna waya ka naɗi maganarsa, ka ɗauki hoton wurin, ka rubuta kwanan wata. Ka yi shi bana, domin dattijon da ginin duk ba jiran ka suke yi ba.